Difilom Ɗin Rasha a Zauren Baba

Ku 'ya'yana, kun sha jin mutanen Gure suna cewa wai ubanku ya dawo daga Rasha ya zauna damina biyu yana gyaran rediyo saboda ya faɗi jarrabawa. Wasu har suka ƙara gishiri, suka ce takardar da na zo da ita ta shiga jirgi ce. Wanda ya fara yaɗa maganar ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, don haka ba zan kama sunansa ba. Amma tunda jikokina sun fara tambayata suna danne dariya, gara in faɗa muku yadda aka yi tun da sauran haƙora a bakina.

Bayan na ci bak, jarrabawar gama sakandare, gwamnati ta ba ni burs, wato tallafin karatu, zuwa Rasha. Shekara shida na yi can, ta farko ina koyon harshensu, sauran biyar ina karatun injiniyan lantarki, abin da mu a Nijar muke kira kuran. Ina can babban farin nan ya faɗo ya cinye garken Baba. Kakanku Malam Bukar makiyayi ne wanda a da in shanunsa suka sauka rijiya, masu ƙananan garke kan koma inuwa su kwanta don sun san sai la'asar. Da na dawo, ƙarshen shekarun saba'in, na tarar da shi da raƙumi guda da ɗan lambu a kwari, yana jan guga yana ba rogo da albasa ruwa. A gida kuma Goggo Falmata ce ke riƙe da komai. Yayarsa ce, ita ta goye ni bayan rasuwar Inna, kuma duk Gure babu wanda ya taɓa jin ta yi magana a hankali.

Kafin in iso gida sai da na tsaya Yamai don a ɗauke ni aiki. A buron da aka tura ni, wato ofis, na sami wani mushe, yadda muke kiran ɗan boko ma'aikacin gwamnati, mai ƙaton tabarau. Na miƙa masa difilom ɗina, takardar gama karatuna, da hannu biyu. Ya duba, ya juya shi ƙasa ta koma sama, ya sake dubawa.

"Wannan rubutu, ai wasu baƙaƙen sun juya mini baya," in ji shi.

Na ce masa haka Rashawa ke rubutu, kuma gwamnati ce da kanta ta tura ni. Ya ce ya sani, amma buron da ke tura ɗalibai daban, buron da ke karɓarsu daban. Su makarantun Faransa suka sani. Tawa kuwa sai komisiyo, wato kwamitin masana, ta zauna ta auna ta tukuna: me ake koyarwa, wa ke sa wa makarantar ido, kuma wanda ya gama me zai iya yi. Ya ce in je in rubuto bayanin kowane fanni da Faransanci. Na tambaye shi yaushe komisiyon za ta zauna.

"In an sami masu zama," ya ce. Ya sunkuyo ya rage murya. "Ko kuwa ka sa hannu a ɗauke ka teknisiye, wato mataimakin injiniya. Wata mai kamawa ka fara aiki. Sai dai ka sani, matakin da mutum ya shiga da shi, da wuya ya fita daga cikinsa."

Na ce zan yi shawara, na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram, daga can na kama wani zuwa Gure.

Goggo ta tarbe ni da guɗa, ta shafa kaina, ta ce na yi fari kamar wanda ya kwana a buhun gari. Da na ci na sha sai ta jawo ni gefe.

"Ari, faɗa mini gaskiya. An ce kura ka je koyo. Duk kurayen da ke Alakos ba su ishe ka ba, sai ka tafi ƙasar da ba a salla?"

"Kuran, Goggo, ba kura ba. Wuta ce mai bin waya."

"To ina wutar?"

Wannan tambaya ita ta bi ni har tsawon shekara. A lokacin Gure ba ta da kuran, in ban da ɗan injin da ke gidan kumandan mai mulkin gari, shi ma sai an yi baƙi ake tada shi. Ni kuwa abin da na ƙware a kai shi ne manyan wayoyi masu ɗauko wuta daga gari zuwa gari. Mutane ba ruwansu da wannan. Sun ji an ce injiniya ya dawo, sai suka fara sallama tun da safe. Aka kawo rediyo, aka kawo agogo, aka kawo keken ɗinki da risho. Wani bawan Allah daga Gamu ya zo da bindigar kakansa, ya ce tunda ita ma wuta take fitarwa ai fannina ce. Abin da ke gyaruwa na gyara, wanda kayansa sai Kano na ce sai Kano. Amma ku san halin mutane, wanda aka gyara wa yakan tafi shiru, wanda ba a gyara wa ba shi ke zama a kasuwa. Tsakanin baƙo da baƙo nakan koma ɗaki in ci gaba da rubuta bayanin da Yamai ta nema, ina juya Rashanci zuwa Faransanci, kaina na tunani da Hausa, Goggo na yi mini faɗa da Barbarci.

Damina ta zo ta wuce, Yamai shiru. Wata rana na bi Baba lambu na tsaya ina kallonsa yana jan guga. Mutumin da bai taɓa sunkuya wa ƙasa ba sai a salla, ga shi bayansa ya fara lanƙwasa, tafin hannunsa duk ya tsage. Na karɓi igiyar na ja, ban daɗe ba hannuna ya yi ƙuna, ya karɓe abinsa. A hanyar komawa gida na ce masa na yanke shawara, zan koma Yamai in sa hannu a teknisiye, in fara kawo abin da zan kawo.

Da muka kai ƙofar gida sai ya tsaya.

"Lokacin fari na sayar da shanu a farashin kaji," ya ce, "amma ko a ranar na san abin da nake sayarwa. Wannan naka ban san ko mene ne ba. Tunda na Yamai sun ƙi zama, mu za mu zauna. Gobe bayan azahar ka fito da takardar."

Washegari komisiyon Baba ta zauna a zaurenmu. Akwai shi kansa, akwai limamin unguwarmu, akwai Sarjan Kiyari, tsohon soja da ya yi yaƙin Faransa, wanda ke cewa babu harshen Turawa da ba ya ji. Goggo ba a gayyace ta ba, ta kawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar cikin gida, ta ce ita iska take sha. Sarjan ya zo da lambobinsa a ƙirji. Shi aka fara miƙa wa difilom. Ya riƙe shi nesa da fuska, ya matso da shi kusa, ya yi gyaran murya.

"Jamusanci ne," ya ce. "Amma na ƙauye."

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce yaron nan ya yi ƙoƙari."

Liman ya karɓa, ya shafa hatimin da ɗan yatsa. Na yi zaton zai fara da tambayar ko na riƙe salla a can, sai na ji ya ce in sake faɗa musu abin da mushen Yamai ya ce. Na faɗa, ina jiran ya taya ni zagin gwamnati.

"Ai gaskiyarsu," ya ce. "Mu ma in baƙo ya sauka ya ce shi malami ne, ba ma ba shi gaban sahu don ya naɗa rawani. Sai mun tambaye shi wa ya karantar da shi, shi kuma malamin nasa wa ya ba shi izini. Kai wa ya ba malamanka izini?"

Na ce akwai majalisar manyan masana a ƙasar, su ke tsara abin da za a koyar a kowace makarantar injiniya, su ke zuwa su duba ko an koyar. Kuma ba a ba kowa takarda sai ya zana aiki nasa na kansa, ya tsaya gaban malaman da ba su san shi ba ya kare shi, suna yi masa tambayoyi kamar ya ci musu bashi. Liman ya gyaɗa kai, ya ce wannan ai sauka ce, ashe kafirai ma sun san tsari.

Sai Baba ya yi tambayar da har yau ban ji wadda ta fi ta ba.

"Yaron da ya yi shekara biyar bayan shanu, in ya gama zai iya duban saniya ya ce gobe za ta haihu. Zai iya kai garke rijiya ya dawo da shi cif. Kai da ka yi biyar bayan wannan kuran, me kake iyawa yau wanda da ba ka iya ba?"

Na buɗe baki na fara jero sunayen fannoni. Na ga idon Liman yana lumshewa, Sarjan yana gyaɗa kai a inda bai kamata ba. Sai na bar wannan, na koma lambu. Na ce Baba, in ka zuba ruwa a kan tudu yakan bi kwalbati ya gangara wurin albasa. In hanyar ta yi ƙanƙanta ruwan ya fasa ta, in ta yi tsawo rairayi ya shanye shi kafin ya isa. Kuran ma haka yake cikin waya. An koya mini in dubi gari kamar Gure, in lissafa wutar da zai sha, in san girman injin da zai ba da ita da kaurin wayar da za ta ɗauke ta, in zana komai a takarda tun ba a haƙa rami ko ɗaya ba. An koya mini in tsara yadda in waya ta tsinke wutar za ta yanke kanta kafin ta kashe ɗan wani. In abu ya lalace in gano dalili, ba in yi ta dukansa ba. An kuma koya mini in shugabanci masu aiki, in sa hannu a kan aikin, in ya rushe ni za a kama.

"Shi teknisiyen fa?" in ji Baba.

"Shi yakan bi zanen da injiniya ya yi."

"Wato ɗaya mai garke, ɗaya ɗan kiwo."

Daga bakin ƙofa Goggo ta ce, "Duk wannan baki ne. Maroƙi ma ya fi shi iya tsara zance. Ni dai har yanzu ban ga wuta ba."

Komisiyo ta yarda da mai shan iska. Aka ba ni zuwa ranar kasuwa mai zuwa in nuna musu wuta wadda ba ta itace ba, ba ta kananzir ba, ba kuma ta pil ba, wato batir.

Bayan tasha akwai wani mataccen kamyo da rairayi ya binne rabinsa, awaki na haihuwa a cikinsa. Na roƙi mai shi ya bar ni na kwance dinamo, wato abin da ke haifar da wuta in injin mota na juyawa, na haɗa da ampul, wato ƙwan fitilar gaba guda da ta tsira. Abin da ya rage shi ne mai juya dinamon. Duk unguwar keke ɗaya ne mai lafiya, na Sarjan, kuma ya fi son keken nan da wasu 'ya'yansa. Ya ce zai bayar bisa sharaɗi, ba mai hawa sai shi. Na cire tayar baya, na ɗaure keken a kan turmi biyu da itace, na zagaya ɗamarar fata daga ƙafar keken zuwa dinamon.

Ranar kasuwa bayan azahar aka rufe ƙofar zaure da tabarmi don a sami duhu. Mutanen da ba a gayyata ba sun fi waɗanda aka gayyata, har da mai bindigar Gamu. Sarjan ya naɗe wandonsa, ya yi bisimilla, ya hau. Ya taka, ya taka, lambobin ƙirjinsa suna kaɗawa kamar ƙararrawar jaki. Ampul ko ƙyaftawa bai yi ba.

"Ƙara ƙarfi, Sarjan," in ji Liman.

"Da haka na tuƙa a Faransa da na iso Gure!" Sarjan ya ce yana haki.

Wani daga baya ya ce wataƙila wutar Rasha ba ta jin zafin ƙasarmu. Aka yi dariya, ban da Baba. Ni kuwa gumi ya jiƙe mini riga fiye da mai tuƙin. Na ce Sarjan ya dakata. Na tsuguna na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Can na tuna, dinamon da ya daɗe a kwance yakan rasa ɗan maganaɗisun da yake farawa da shi, sai an ɗanɗana masa wuta kaɗan kafin ya farka. Na ce Goggo ta ara mini pil ɗin rediyonta.

"An ce ban da pil!" ta ce.

"Ba da shi zan kunna ba, Goggo. Tashinsa zan yi, kamar yadda kike ɗebo garwashi a maƙwabta. Yanzu zan mayar miki."

Liman ya yanke hukunci cewa ɗebo garwashi halal ne. Na jera pil ɗin, na taɓa wa dinamon, na mayar mata a tafin hannunta kowa na gani. Sarjan ya sake hawa. Da farko zaren cikin ampul ya yi ja kamar idon zakara, sannan ya yi ɗorawa, sai kawai zauren ya haske fat, har ana ganin gidan gizo-gizon da ke rufin tun ina yaro. Mata suka saki guɗa daga cikin gida. Liman yana ta salati. Goggo ta matso ta hura ampul ɗin, ta sake hurawa da ƙarfi, ta ce wannan wuta ba ta da kunya. Sarjan ya ji guɗa sai ya tuna ƙuruciya, ya miƙe tsaye a kan feda, ya saki hannu ɗaya zai sara wa jama'a. Turmi ya goce, keke ya kwanta, Sarjan ya sauka a cinyar mai bindigar Gamu, duhu ya dawo.

Da aka yaye tabarmi aka tabbatar ba wanda ya karye, Baba ya sallami kowa. Ya zauna yana juya ampul ɗin a hannunsa, da sauran ɗuminsa.

"Ba hasken ne ya gamsar da ni ba," ya ce. "Da abin ya ƙi, na ga ba ka zagi keken ba, ba ka ce an yi maka asiri ba. Ka tsuguna ka nemo inda ciwon yake. Haka mai garke yake yi. Ba za ka sa hannu ba."

"Baba, bayanka fa?"

"Bayana nawa ne. Na riga na yi arha da dukiya sau ɗaya, ba zan sake ba."

Na bi maganarsa, kuma kada wani ya ce muku abin ya zo da sauƙi. Wata daminar ta sake zuwa ta wuce. Raƙumin nan guda da ya rage, wanda Baba ke cewa shi ne shaidar ya taɓa zama mutum, aka kai shi kasuwa. Yarinyar da nake nema iyayenta suka gaji da jiran komisiyo suka ba wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, abin da uwarku har gobe take cewa shi ne babban alherin da gwamnati ta taɓa yi mata. Ni da Baba muka raba guga, shi da safe ni da yamma, har hannuna ya yi kanta. Na sake rubuta bayanin Yamai tun daga farko, kowane fanni na buɗe shi da amsar tambayar Baba: wanda ya gama wannan, ga abin da zai iya yi. Sarjan kuwa ya riƙa bin gari yana cewa shi ya kawo kuran Gure, ni taya shi kawai na yi.

Ana nan wata safiya Goggo ta fito da rediyo a hannu tana ihu, wai an kira sunana cikin sanarwa, ana nemana a Yamai. Da na isa na ji dalili. Ɗan wani babban mutum ne ya dawo daga ƙasar da na yi karatu da irin takardata, sai ga masu zama sun samu. Mu da muka daɗe muna jira aka haɗa mu a yi aikin gaba ɗaya. Mutum uku na tarar a bayan teburi. Na ajiye bayanina, na gyara tsayuwa, na shirya amsa ko da za su ce in zana musu wutar Yamai duka. Na farko ya ɗaga bayanin ya auna nauyinsa a hannu. Na biyu, Allah ya saka masa, ya buɗe ya karanta shafi kaɗan, ya ce ashe karatun ya fi yadda ake faɗa. Na uku ya cire tabarau ya dube ni.

"Wai da gaske ne in mutum ya tofa yawu a can, ƙanƙara yake zama kafin ya kai ƙasa?"

Na ce da gaske ne. Suka yi mamaki ƙwarai. Aka buga hatimi, aka ce an karɓe ni injiniya, in kira na gaba. Shayin da ke gabansu ko hucewa bai yi ba.

Na koma Gure in yi sallama kafin in kama aiki. Na sami Baba a lambu, guga na cikin rijiya. Na ba shi labari tun daga shigata har fitata, yana saurare, igiya na hannunsa.

"Ba su ce ka kunna komai ba?"

"Ba su ce ba."

"Ba wanda ya hau keke?"

"Babu, Baba."

Ya girgiza kai, ya ce Allah ya tsare talakawa da wayar waɗanda suka bi ta wancan ɗaki na Yamai ba su biyo ta zaurensa ba. Ya ja gugan har rabi ya tsaya. Tun dawowata duk gari ke kirana da sunan aikina, wasu da gaske wasu da ba'a, shi kaɗai bai taɓa ba. Ya miƙo mini igiyar.

"Karɓi nan, injiniya," ya ce. "Bayana ya gaji."